Rigar da Ta Ƙi Shiga Alhaji Isufu

Talata da dare, masaukina a Dengfeng, Guangzhou

Alhamdu lillahi. Yau saura ƙiris in zubar da mutuncin da na daɗe ina tarawa.

Tun da ɗan kamfaninmu na ɗinki a Fagge ya ci kwangilar rigunan ruwa na jami'an tsaron tarayya, manyan 'yan kwangilar Abuja suka zuba ido su ga mun kasa. Shi ya sa na taso da kaina.

Da safe na je masana'antar da za ta ɗinka. Mai wurin ya shimfiɗa samfur. Launi daidai, ɗinki tsaf, lambar girma a wuya yadda takarda ta ce. Har na ɗauki biro zan sa hannu a fara yanka, sai Alhaji Isufu, dogon nan ɗan Maraɗi da ya rako ni, ya ce, "Dakata, Malam Sani, in gwada."

Ya zura wadda suka ce ta fi girma. Hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ya ƙi haɗuwa. Ashe babbarsu ƙaramarmu ce. Ni da almakashi ya yi wa kanta a hannu, na yarda da lamba, ban ko ɗauko tef ba! Kunya kamar in nutse.

Nan muka auna Alhaji daga wuya har idon sawu, aka sake awon gaba ɗaya a kansa.

Na so in yi masa tukwici a kasuwar tufafi ta Baima, ya ƙi. Wai ya ishe shi: duk jami'in da ya tare shi a hanyar Jibiya da damina, rigar da aka yanka da awon Alhaji ce a jikinsa.