Ruwan Tururin da Na Shayar da Kai, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Maƙeri, a makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa uba, ina fatan rahamar Ubangiji tana lulluɓe da kai. Mu da ka bari muna nan lafiya, sai godiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon jiya wata maƙwabciyata ta shigo da murnarta, wai ta ji an ce tataccen ruwa, irin wanda ake dafawa a tara tururinsa, yana wanke duk dattin jiki, kuma daga yau shi kaɗai za ta riƙa sha. Na yi shiru har ta tambaye ni ko lafiya. Kai ka san abin da ya hana ni magana. Shi ya sa na bar wannan wasiƙa a buɗe, ko wani zai karanta ya amfana.

Ka tuna lokacin, Baba. Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ana ta gine-gine, baƙi na ta shigowa. Maƙerarka tana Kwangila, ba nisa da layin dogo, a filin da Kaka ya samu tun zuwansa aikin jirgi daga Kano. Ni kuma na gama sakandare, an ɗauke ni aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, ina wanke kwalabe, ina shirya wa ɗalibai kayan aiki. Duk wanda ya zo sayen fartanya sai ka gaya masa 'yarka tana aikin kimiyya.

A can na fara leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Ɗigon ruwan kwata guda ɗaya aka sa mini, na ga halittu suna iyo, wasu da gashi, wasu suna juyi kamar sun san inda za su. Ranar ban iya cin abinci ba. Na dawo gida ina kallon randar Inna kamar maƙiyiya.

Ba a yi wata biyu ba gudawa da amai suka kwantar da kai. Kwana biyar, ka zube, idanunka suka faɗa. Da ka fara tashi, wani ma'aikacin lafiya ya auna ka ya ce jininka ya ɗan hau, ka rage gishiri. Rage ya ce. Ni na mayar da shi haramci.

Na zana maka tukunyar tatar ruwa a bayan takarda, irin wadda muke da ita a wurin aiki. Ka dube ta sau ɗaya, ka ce, "Wannan ai ba wuya." Cikin kwana biyu ka ƙera ta: tukunya mai murfi a rufe ruf, da bututun jan ƙarfe da ka lanƙwasa ya bi ta cikin bokitin ruwan sanyi. Muka hura wuta, muka tsuguna ni da kai da Inna. Can sai ɗigo ya fito a bakin bututun, ya yi rawa, ya faɗa cikin kwalba. Ka cire hula ka ce, "Subhanallahi! Ashe haka ake yin ruwan sama."

Da ruwan ya ƙone, muka buɗe tukunya, sai ga wani farin abu ya kama gindinta kamar alli. Na kankaro shi da cokali na nuna maka. Na ce ka ga dattin da muke sha. Ka shafa shi tsakanin yatsunka.

Daga ranar na kafa doka a gidanka. Ba ka shan kowane ruwa sai na tururi. Da shi ake dama maka koko, da shi ake dafa maka miya. Na hana Inna sa gishiri, na hana kanwa, har daddawa na sa ta rage. Kai kuma tun da ka yi ciwon ba ka da marmarin abinci, sai ka ɗan taɓa ka ture. Da ka kurɓi ruwan karon farko ka ce, "Hadiza, wannan ruwa salam yake, kamar ba kowa a cikinsa." Na yi dariya na ce tsabta ke nan. Ka shanye, don ni na ba ka.

Direbobin manyan motoci suka ji labari, suka riƙa zuwa neman ruwan don zuba wa batirin motocinsu. Wani daga cikinsu ya gan ka kana sha, ya riƙe baki. Ka ce masa, "'Yata ta fi mu sani."

Lokacin kuwa bazara ce, irin zafin Minna da ko a inuwa mutum yake gumi na tsiyaya. Kuma shi ne lokacin aikinka, don manoman doya daga Garatu da Beji da Gwada duk suna son garma da fartanya kafin ruwa ya sauka. Tun hantsi kana gaban wuta, zuga-zugi na huci, masaba na tashi tana sauka. Rigarka takan jiƙe ta bushe, ta bar farin zane a baya. Ina ganin wannan zanen kullum in na zo wanki, ban taɓa tambayar kaina mene ne ba. Kana zubar da gishirin jikinka, ni ina ɗura maka jarka bayan jarka ta ruwan da ba komai a cikinsa.

Ka fara cewa ƙafarka na ɗaurewa. Sai ciwon kai. Sai masaba ta fara kuɓuce maka, kai da ba ka taɓa kuskuren bugu ba. Wata rana ka kira ni da sunan ƙanwarka da ta daɗe da rasuwa. Na ce ragowar ciwo ne, na ce ka ƙara shan ruwa.

Ranar wata Laraba da azahar aka aiko mini wurin aiki. Abokinka Baba Ɗanjuma, manomin nan na Garatu da kuka shekara talatin tare, shi yana zuwa coci kai kana zuwa masallaci, ya zo karɓar garmarsa ya same ka a ƙasa kusa da uwar maƙera, yatsunka sun ƙage, kana magana ba a gane ta. Shi ya saɓa ka a kafaɗa har bakin titi.

Na iske ka a asibiti an sa maka ƙarin ruwa. Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya tambayi abin da kake ci da abin da kake sha, na faɗa masa duka, har da alfahari a muryata. Ya cire tabarau ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Ya ce ruwan tururi ba guba ba ne. Mai lafiya da ke cin abinci sosai zai iya sha bai ga komai ba, don yawancin abin da jiki ke buƙata daga abinci yake samu. Amma kai gudawa ta riga ta kwashe maka gishirin jiki, gumi na kwashe saura, abinci ba ya shiga, wanda ke shiga an cire masa gishiri, sannan ana ta tsarma ɗan abin da ya rage da ruwa zalla. Ya ce jinin mutum ruwan gishiri ne mai awo, kuma da wannan awon jijiya ke motsi, zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwar mutum ke gane fuskar ɗansa.

Na ba shi labarin farin abin nan na gindin tukunya. Ya ce ba duka ne datti ba. Mafi yawansa abin da ruwa ya ɗebo ne daga duwatsu da ƙasa a kan hanyarsa, kuma irinsa ne ke cikin ƙashina da haƙorana. Ya ce abin da na gani a madubi gaskiya ne, amma tafasawa ta isa ta kashe shi.

Baba, na ɗaga kai na kalli robar da ke rataye a kanka. Ruwa ne da gishiri. Abin da na yi makonni ina korewa daga gidanka, shi ake mayar maka ɗigo-ɗigo. Na zauna ina kallo. Kafin la'asar ta washegari yatsunka suka saki. Ka buɗe ido, ka dube ni sosai, ka ce, "Hadiza, an ba Ɗanjuma garmarsa?"

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ƙato kamarka, mai lanƙwasa ƙarfe, ashe abin da ke riƙe da kai bai cika tafin hannu ba. Ashe dutsen da ruwa ya ratsa a can cikin daji yana da rabo a bugun zuciyarka. Tun ina ƙarama nake jin cewa daga ƙasa aka halicce mu, amma sai ranar na san ba a gama da mu ba, kullum ana ƙara mana ƙasar kaɗan-kaɗan, a loma da kurɓi, da ma'aunin da ba hannunmu ya ƙera ba.

Da aka sallame ka, Baba Ɗanjuma ya zo da doya da ganye da busasshen kifi, matarsa ta biyo shi da tulun ruwan rijiyarsu. Inna ta tafasa, ta tace, ta zuba a randa. Ta yi maka faten doya, ta ɗebi gishiri daidai yadda likita ya ce, ta kalle ni, ta zuba. Ka cinye har ka nemi ƙari.

Na durƙusa a gabanka zan ba ka haƙuri, kuka ya hana ni. Ka dafa kaina ka ce, "Tashi. Ba ki yi don ki cuce ni ba. Rabin karatu kika yi, je ki ƙaro rabin." Kuma kai ka tsaya har na koma makaranta. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ko cikin wasa, har shekaru goma sha wani abu da ka ƙara a duniya.

Babana, abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, ba faɗuwarka ce ta fi tsaya mini a rai ba. Yadda ka yarda da ni ne. Kana jin jikinka yana ce maka a'a, amma ka riƙa ɗaga kofi don kada ka karya wa 'yarka gwiwa. Na yi aiki shekaru masu yawa a ɗakin gwaji bayan nan, kuma duk lokacin da wani dattijo ya ce mini "ke kika sani", sai na sake duba aikina.

Ga labarin da nake so ka ji. Bana ni da ƙannena mun haƙa rijiya a Garatu da sunanka, kusa da gonar Baba Ɗanjuma, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansa ne suka nuna mana wurin. Ni da kaina na ɗebi ruwan na kai aka gwada, aka ce lafiyayye ne, da duk abin da Allah ya zuba masa. Ran da aka buɗe ta na tsaya gefe ina kallon mata suna ɗora ruwan a kafaɗa suna wucewa, Musulmi da Kirista, waɗansu ma ba su taɓa jin sunanka ba. Wata tsohuwa ta sha a tafin hannu, ta goge baki, ta ce Allah ya jiƙan mai rijiya. Na ce amin.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi. Duk wanda ya sha, da dabba da tsuntsu, Allah ya kai ladan gare ka da Inna. Ya shayar da ku daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Wassalam.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza