Ɗigon Fenti a Ƙarƙashin Motar Yaya

Quilpie, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Lindsay,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Cheryl. Ya gwiwar taka, ya tumaki? Mu nan ruwan sama ko ɗigo.

An sallamo maigidana Merv daga asibiti, ƙugu cike da ƙarfe. Likita ya ce hawan doki kam sai dai ya kalli wasu. Ka ji yadda aka yi: yana kora shanu zuwa rijiyar yamma, a fili shimfiɗaɗɗe, sitiyarin ƙaramar motar dajin nan da ka sayar mana ya saki a hannunsa, ta kife da shi. Awa uku yana ƙarƙashinta kafin in bi sawun taya in same shi.

Ba ƙugun ke cin sa ba. Shekara talatin yana tuƙi a dajin nan bai taɓa kayar da ko baro ba, yanzu sai ya zauna a baranda yana kallon tafin hannunsa yana cewa, "Noeline, tsufa ne, hannuna ya mutu." An kuma kawo mini cewa a mashaya ka ce dama surukinka tuƙin ganganci gare shi, aka yi ta dariya. Na ce wasan surukai ne. Ka ga ƙanwarka da kyakkyawan zato.

Shekaranjiya Dougie bakanike ya zo duba gawar motar. Ya shiga ƙarƙashi, ya goge lambar jikinta da yawu, ya buga a wayarsa, sai ya ja tsaki. Wai tun bara kamfanin ya yi kiran a mayar da irinsu, domin sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya tana karyewa, kuma kyauta ake canzawa. Wadda aka gyara, ana ɗiga mata fenti ruwan ɗorawa a kan sabuwar sandar. Tamu ba ɗigo. Wasiƙar kiran kuwa wanda ya sayi motar sabuwa ake aika wa. Kai ke nan, Yaya, da ka sayi biyu rana ɗaya.

Na san tsohon firjin da ka kafa a bakin titi don wasiƙu, kilomita arba'in daga gida, na kuma san ƙyuyarka. Ƙila wasiƙar tana ciki gizo-gizo na karantawa. Don Allah je ka duba, kuma kada kai ko Cheryl ku sake hawan taku. Mutum ɗaya mai dogara sanda ya ishe ni.

Ka gai da kowa.

Ƙanwarka,
Noeline


Quilpie, 2 ga Yuni

Lindsay,

Ina gaisuwa. Lafiyarka ba sai na tambaya ba, na gan ka ranar Lahadi garau. Ka gode wa Cheryl da shayi da naman rago.

Ka kalle ni a kan teburinka ka ce ba wasiƙar da ta zo. Har da girgiza kai, har da zagin kamfani. Ka iya, Yaya. Sai dai ka manta shekara ashirin na yi a kasuwar shanu tsakanin dillalai. Mai saniya na yabon ƙahonta, ni ina durƙushe ina leƙen ƙafafu. Makullan da suka faɗi mini kusa da motarka, ba suɓucewa suka yi ba, ƙarƙashinta nake son leƙawa.

Na ga ɗigon. Ruwan ɗorawa, har ƙura ta soma rufe shi.

Cheryl baiwar Allah ba ta san me nake nema ba. Muna wanke kofuna ta ce ai a watan Agusta ka kai taka gari, tirelarka mota ɗaya take ɗauka, ka ce ɗayar sai wani zuwan. Kilomita ɗari uku kam da nisa, na yarda. A watan Satumba ka kawo mana ɗayar har gida, ka bubbuga bayanta ka ce wa Merv, "Suruki, wannan ko jikanka sai ya gaje ta." Tirelar ta iya hanyar gidana, hanyar bakanike ce ta gagare ta.

Da ka yi shiru bayan haɗarin, da na ce kunya ce. Amma ka je ka sa garin nan na yi wa mutumin dariya, ka bar shi yana tuhumar hannunsa, kana sane.

Na faɗa wa Merv. Bai zage ka ba, da ma ya zaga. Sai ya ce in miƙo masa makullin babbar mota. Ya tuƙa mu har rijiyar yamma ya dawo, ko kwalta ba ta kai sawun tayarsa miƙewa ba.

Sandar sitiyarin ta karye gida biyu. Rabi yana cikin ƙunshin nan da mai wasiƙu zai ajiye maka a firji, tunda yanzu na san kana buɗe shi. Ɗaya rabin yana jakata. Ranar Asabar bayan kasuwar shanu Merv zai kasance a mashayar nan yana dogara sanda, masu dariyar ma duk za su zo. Ko ka miƙe ka faɗa da bakinka, ko in ɗora nawa rabin a kan kantar mashayar, Dougie ya yi musu bayanin fenti.

Ka gai da Cheryl. Ita ba ruwanta.

Noeline, matar Merv