Shafukan da Kika Ƙunso Mini Gyaɗa

Zuwa ga Pokuaa, inuwar bishiyar koko da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan rufin kwano, tauraruwar da in ta yi murmushi direbobin Suame ke manta inda birki yake!

Ina gaishe ki gaisuwar mai faci: hannu baƙi ƙirin, zuciya fara fat. Ranar Asabar kawunnaina za su zo gidanku ƙwanƙwasa ƙofar neman aurenki da kwalabensu na giya, ni kuwa har yau ban san me za ki ce ba. Shi ya sa na jingine taya na ɗauki biro.

Kin tuna ranar da ruwa ya koro ni rumfarki, kika ce in matsa kada in ɗiga miki a garwashi, sannan kika ƙunso mini gyaɗa da gasasshiyar ayaba? Takardar shafi ce daga tsohon ƙamus ɗin Turancin kawunki. Ni da makaranta ta gaji da ni tun ina aji huɗu, na cinye gyaɗa na zauna haɗa baƙi. Tun ranar kullum sai na saya, kullum sai na karanta.

To, hasken idona, me na tsare miki? Duk shafin da kika miƙo, kalmominsa da "dis" suke farawa! Disappoint, a sa wa mutum rai a watsa masa ƙasa a ido. Dismiss, a kore shi kamar akuya ta shiga rumfar tumatir. Disown, uwa ta dubi ɗanta ta ce ɗan wane ne wannan. Dangi guda, kai iri ɗaya, dukansu 'yan raba zumunci. Turawan nan ma akwai son jiki: sun sami kai guda suna ta manna masa gangar jiki, yadda makanikanmu ke ɗora kan mota ɗaya a bodi goma.

Na rame, Pokuaa, har wandona ya nemi igiya. Na ɗauka habaici kike mini, irin na iyayenmu mata da ke ɗaura zane mai suna su zagi maƙwabciya ba su buɗe baki ba. Sai da ƙanwarki Konadu ta yi mini dariya har da riƙe ciki, ta ce yagowa kawai kike bi da bi, ko kallo ba kya yi.

Hankalina ya kwanta? Ina! Na je kasuwar Kejetia wurin mai tsofaffin littattafai, na yi kamar zan saya. Ashe kafin a iso 'yan "dis" akwai wasu dangin arziki, 'yan "com". Combine, a haɗu. Company, a zauna tare. Comfort, a lallashi mai kuka. Wa ya ci waɗannan shafukan? Wa ya riga ni zuwa rumfarki in ba Ticha Amoako mai ɗaure wuya da tsumma ana zafin rana ba? Ya sami lallashi a tafin hannu, ya goge maiƙo da shi, ya jefa a kwata! Ni kuwa ko shafin korar da kika ba ni na goge shi da dutsen guga.

Zumar bakin kaka, ranar Asabar babanki zai kira ki ya tambaye ki har sau uku ko a karɓi kwalaben. Ki sunkuyar da kai yadda aka saba, ki ja aji a ta farko in kina so, amma ki ce a karɓa.

In kin ce a'a, tsofaffin nan ba baƙin ciki za su yi ba. Kafin su kai shatale-talen Bantama sun shanye komai suna waƙar coci. Ni kuma in sayi wasu in sake turo su, su sake shanyewa, in sake saya. Haƙuri dai ina da shi buhu-buhu, amma kawu Bempa hanta ɗaya gare shi. Ki ji tausayin dattijo.

Naki ke kaɗai, har ranar da dangi za su ɗaura jan zanen makoki saboda ni,

Akwasi Dwomo