Sau Uku Kafin Ka Motsa

Zuwa ga yayana Issaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake. Zan ba wani mai fataucin goro wannan takarda ya tafi da ita Agege, inda aka ce an taɓa ganinka. Ita ce ta huɗu. Ban sani ba ko sauran sun same ka.

Tasin da ka bar mini tana nan, ita ke ciyar da gida. Kwanan baya birkinta ya fara kuka, ƙarfe na cin ƙarfe, har fasinjojin kasuwar Makola suna salati tun kafin in tsaya. Ranar Asabar da hantsi na sayo takalman birkin gaba, na ce zan canza da kaina a ƙofar gida yadda ka saba yi.

Ban manta koyarwarka ba. Na sa dutse a tayoyin baya, don birkin hannu, ka sani, tun zamaninka ado ne kawai. Na sassauta notika, na ɗaga ta da jak, na cire taya. Tsofaffin takalman sun suɗe kamar silifas ɗin ɗan dako. Na danna fistin ya koma ciki da ƙarfen cire taya, na zura sababbi, na ɗaure. Haka na yi wa ɗaya gefen. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, bayana kamar zai tsinke, amma na ji daɗin kaina.

Abu ɗaya na manta. Kullum in ka gama kana cewa, "Taka sau uku kafin ka motsa, birkin bai san ka canza shi ba tukuna." Ni kuwa na janye dutse, na faɗa ciki, na sake ta.

Ka san gangaren lungunmu na Maamobi. Ka kuma tuna ƙarshensa, bakin titi. To, can mahaifiyarmu Mma ta mayar da bencinta da tukunyar kokonta tun shekarar da ka tafi.

Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa, ba komai. Motar na gangarawa, Mma ta ba ni baya tana zuba wa wata mata koko. Maganarka ce ta faɗo mini, na yi ta takawa ina sakewa, a na uku ya kama. Tsakanin motar da bencin bai fi taƙi biyu ba.

Na daɗe a zaune cikin motar. Da na fito, na roƙe ta da girman Allah ta matsar da bencin nan zuwa jikin masallaci, inda mota ba ta bi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Mota ya tsaya, ko? To bar ni. Daga nan nake ganin masu sauka a trotro."

Yaya, shekara bakwai ke nan tana duba fuskar duk wanda ya sauko daga motocin hayar nan, ko za ta gan ka. Lokacin da aka koro mutanenmu daga can ƙasar da ka tafi, kwana goma ba ta dama koko ba, tana tsaye a wurin. Kowa ya dawo da 'yar jakarsa, ban da kai.

Wallahi na gaji. Na iya tuƙin motarka, na iya gyaranta, na riƙe gida iyakar ƙarfina. Amma tayar da Mma daga bakin titin nan ya fi ƙarfina, kuma ba kullum zan tuna da sau uku ba.

Ba ma neman ka zo da komai. In ba hali, ka aiko da layi biyu da rubutun hannunka, in karanta mata.

Allah Ya tsare ka, Ya karkato da zuciyarka gida tun idonta na iya rarrabe fuska. Amin.

Ƙaninka,
Mumuni