Surukina Yana Koya Mini Jifan Da Na Fi Shi Iyawa

Anti Bara'atu, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a, na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ni mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Ƙurban, nan Madina. Bara abokaina suka ja ni wani wasa, golf na faifai. Faifan roba ne kake wurgawa daga nesa har ya faɗa kwando mai sarƙoƙi, wanda ya shigar da shi da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A wata istiraha, wato wurin shaƙatawa, muke yi a bayan gari. Ba yabon kai ba, hannuna ya karɓi abin.

Sai surukina, mahaifin matata Munirat, ya yi ritaya daga tuƙin bas, likita ya ce ya riƙa tafiya. Ni da bakina na gayyace shi. Yanzu an shirya gasa, aka haɗa mu rukuni ɗaya.

Ga inda matsalar take. A dokar wasan, wanda ya fi kyau a kwandon baya shi ke fara jifa a na gaba. Anti, mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi zan bari tsaye cikin rana in shige gabansa? Na kasa. Sai na riƙa ɓata jifana da gangan don ya riƙa farawa. Na jefa cikin dabino, na jefa kan katanga, har rufin motar wani na jefa.

To, Baba ya gaskata. Yanzu duk majalisar unguwarsu, Al-Sih, ta san mijin Munirat ba shi da hannu. Kullum bayan la'asar yana kira na, yana gyara mini tsayuwa, yana murɗa mini wuyan hannu. Kuma abin haushi, wani gyaran nasa daidai ne. Munirat ta gane, ta ce halas, ya isa haka, kada in ƙara kawo mata ƙorafi.

Juma'a ce zagayen ƙarshe, waɗanda suka zo gaba za su wakilce mu a Jidda. Ina son zuwa, har mafarkinsa nake yi. Amma in na saki hannuna zai gane yaudararsa na yi ta yi. Na gaji wallahi.

Mai Faifai, Ƙurban

Mai Faifai,

Na so in tausaya maka, amma haushi ya riga. Kunyar suruki tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai kai ka mai da dattijo yaron da ake bari ya ci wasa don kada ya yi kuka, kuma a gaban mutane. Kana tsammani abokanka da suka san hannunka ba su lura ba? Shi suke yi wa dariya in ya juya baya, kai ka jawo masa.

Kada ka je ka zazzage masa komai, kunyata shi kawai za ka yi. Kada kuma ka ƙara jefa faifai a dabino. Ranar Alhamis ka je gida ka gaishe shi, ka gaya masa gaskiyar da ke hannunka: gyaransa ya amfane ka, kana son zuwa Jidda, kana neman albarkarsa. Ranar gasa, in layi ya zo kanka, ka juya ka nemi izininsa kafin ka jefa. Da izininsa ka wuce, kunya ta samu haƙƙinta.

Zai iya ganewa, ya yi fushi na kwana biyu. Ka jure, kai ka ja. Amma na fi zaton duk Al-Sih za ta ji cewa shi ya ɗauko ka ba ka iya komai ba ya kai ka Jidda. Ka bar masa wannan, kada ka taɓa gyara labarin.

Allah Ya ba da sa'a, Ya ƙara wa Munirat haƙuri da ku biyun.

Anti Bara'atu