Kanyar Fumie

Litinin, 6 ga Oktoba
Na miƙa lasin tuƙina a ofishin 'yan sanda, na daina tuƙi ke nan. Noriaki, ɗan ƙanwata, shi ya raka ni. Kamfaninsu ne zai kawo motar nan marar direba. Ya ce, "Kawu, har ƙofar gida za ta riƙa ɗaukarka, ta kai ka wajen Gwaggo Fumie." Matata ke nan, tana gidan kula da tsofaffi. Wai akwatin sadarwa kawai za su kafa a tsakar gidana, don daga nan tudu ana hango kwarin gaba ɗaya.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Wai ganyen kanyar da ke tsakar gida yana tare saƙon. Fumie ce ta dasa ta shekarar da muka tare. Na ce a rage rassa, Noriaki ya ce ba zai isa ba. An sare.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Akwatin na bisa turke, wayarsa a soket ɗin kicin ɗina. Noriaki na ta yabonsa: ba ya cin wuta, barci yake sai mota ta kira shi. Na ce to mun zama biyu.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Mota ta fara aiki. Iyakarta gada, can ƙasa. Na sa kwat na jira a ƙofa har rana ta karkata. Gwiwoyin nan ba za su sauka gada ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Na buga wa Noriaki. Wai daga gada zuwa sama saƙon yana yankewa a kwana, sai an ƙara turaku, kuma ba za a ƙara ba don mutum ɗaya. Na ce, "Yaushe ka sani? Kafin gatari ko bayansa?" Ya ce, "Kawu, ba tudunka, ba mota a kwarin nan." Ashe tudun ake so.

Lahadi, 23 ga Nuwamba
Mai kawo kananzir ya rage mini hanya zuwa gidan kula da tsofaffi. Fumie ba ta gane ni ba, amma ta tambaya ko an rataye 'ya'yan kanya su bushe. Na ce an rataye.

Litinin, 8 ga Disamba
Na zare wayar akwatin daga soket. Na jona butar shayi a wurin.

Talata, 9 ga Disamba
Masae ta bakin gada ta bugo. Motar ta ƙi motsi, mijinta bai samu zuwa wankin ƙoda ba sai da aka nemo tasi daga gari. Ta ce, "Tokuji, tsohon banza, tare muka yi firamare, na san aikinka. Fushinka da yaron ne ko da ƙodar mijina?" Na ce butata nake bukata. Ta ce da ma shayina bai taɓa daɗi ba.
Noriaki ya kira ya sake kira. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 11 ga Disamba
Ƙanƙara ta sauka. Na mayar da wayar akwatin soket, buta kuma kan murhu, ta fi saurin tafasa a can, shi ke nan dalili. Da hantsi 'yar fitilar akwatin ta farka, na leƙa ta taga, ga motar can ta haye gada. Na ɗan share wa akwatin ƙanƙarar da tsintsiya, tunda dai na fito.
Yaron ban yafe masa ba.