Fitilun Rufin Jif da Keken Babana

Assalamu alaikum Malam Sagir. Don Allah ku taimaka mini da shawara kafin Asabar ta sama, domin ranar ce mai motar zai dawo daga tafiya ya karɓi motarsa, ni kuwa har yanzu waya ɗaya na kasa ɗaurawa.

Ni mai koyon riwaya ne, wato aikin wayar mota, a wani gareji da ke Sharaɗa. Na daɗe a hannun maigidana, zan kira shi Malam Ibrahim duk da ba sunansa ke nan ba. Shi ya koya mini komai, kuma ya gaya wa mahaifina cewa bana zai yaye ni in buɗe nawa wurin. Da aka kawo wannan aikin sai ya miƙa mini shi ni kaɗai, ya ce da shi zai ga ko na isa.

Motar jif ce ta wani Alhaji mai sayen fata. Yana bin kasuwannin Jigawa har bakin iyaka, ya kawo wa kamfanonin jima na Challawa. Ya sayo fitilu huɗu manya da wata doguwa ta tsakiya, yana so a jera masa su a rufin motar. Na riga na kafa su a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman motar, ban huda rufin ba, har maigida ya yaba. Matsalar ita ce yadda yake so a haɗa su. Ya ce ba ya son wani makunni daban, a haɗa su da babbar fitilar motar, da ya ɗaga ful su kama gaba ɗaya. Kuma ba wai ba shi da dalili ba. Da daminar bara wasu sun gindaya masa itace a hanyar daji, bai gani ba sai da ya zo daf da shi, da ƙyar ya tsira. Ya ce a irin wannan lokacin ba zai tsaya laluben makunni ba. Da yake ba mu labarin ni ma sai da na tsorata.

Amma Malam, shekaranjiya bayan magariba na jona su da batir don gwaji, na je na tsaya a gaban motar. Wallahi ban san inda ƙofar garejin take ba. Na daɗe ina ganin wani kore-kore yana yawo a idona, sai da na dafa bango.

Mahaifina a wani kamfanin jima na Challawa yake aiki. Idan sun tashi bayan isha'i a keke yake komawa gida Zawaciki, shi da abokan aikinsa, wasu a ƙafa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san gefenta lambatu ne buɗaɗɗe, ruwan jima ke gudu a ciki, ga tireloli a fake. An yi masa aikin yanar ido, ko fitilar adaidaita sahu ce ta haske shi sai ya sauke ƙafa. Kuma ta nan Alhajin yake bi duk sanda ya sauke kaya. Na sha hawa motarsa, na san ba mai son dim ba ne, wato rage haske, ko a cikin gari.

Na gwada yi wa maigida maganar a gaban sauran ma'aikata, ya ce mu masu aiki ne ba jami'an hanya ba, mai mota ya faɗi abin da yake so. Ya ƙara da cewa Alhajin nan tun kafin a haife ni yake kawo masa aiki, in ba zan iya ba in ajiye sukundireba wani ya yi. Ban ambaci babana ba, na ji nauyi, kar a ce na sa son rai cikin sana'a. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da zuciyata ke raya mini, kuma ina jin kunyar rubuta shi, shi ne in haɗa yadda aka ce amma in sa ƙaramin fiyus, wanda zai ƙone bayan ɗan lokaci fitilun su mutu, a ɗauka kayan ne ba su da kyau. Babu wanda zai gane. Ko kuma in ƙi aikin, in rasa yayen da gidanmu gaba ɗaya ke jira. Mahaifiyata har ta fara gaya wa dangi. Idan na yi shiru na ɗaura wayar, duk daren da baba ya makara ni na san abin da zan riƙa tunani. Ina mafita?

Naku,
Mai Riwaya daga Sharaɗa

Wa alaikumus salam ɗana. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taka saboda Asabar ɗin nan. Na ji daɗin abu ɗaya: ka je ka tsaya a gaban fitilar da ka ɗaura. Masu sana'a da yawa ba sa yin haka.

Maganar fiyus, cire ta daga ranka yau. Ka yi tunanin inda zai ƙone. Ba a Challawa ba, wataƙila a tsakiyar daji, a daidai lokacin da bawan Allahn nan ya dogara da hasken. Tsoron da kake yi wa mahaifinka shi iyalin Alhaji ke yi masa. Kuma ha'inci ne, wanda ya fara sana'arsa da shi da wuya ya daina.

Ka kuma yi wa mutanen nan biyu adalci. Alhaji ba don burga yake son fitilun ba, ya ga abin tsoro. Maigidanka kuwa a gaban yaransa ka yi masa gyara, a kan mutumin da ya daɗe yana kawo masa aiki. Amsar da ya ba ka ta kare girma ce, ba lallai ita ce ra'ayinsa ba. Amma kai ma kana da gaskiya. Fitilar rufi ta hanyar daji ce, tana sama da idon kowa, ba a kunna ta inda mutane ke tahowa.

Na koyar da aikin lantarki shekaru kafin in kama wannan fili na amsa wasiƙu, kuma abin da kai da Alhaji kuke so yana haɗuwa a waya ɗaya. Ka ɗauko siginar daga wayar ful kamar yadda Alhaji ya nema, amma ka bi da ita ta makunni guda kafin ta isa rilai, wato ɗan akwatin da ke sakar wa fitilun wuta daga batir. Idan ya bar kwalta zai shiga daji, ya danna makunnin sau ɗaya tun hankalinsa na kwance. Daga nan duk sanda ya ɗaga ful za su kama tare, ya yi dim su mutu tare, babu lalube. Ya shigo gari ya kashe makunnin, motarsa ta koma kamar kowace mota. Ka sa ƙaramar jar fitila a gabansa mai tuna masa a kunne suke. Fiyus kuwa ka sa daidai ƙarfinsu, kusa da batir. Ka duba kuma ko sun matso bakin gilashi da yawa, domin hasken zai riƙa dukan bonet yana dawo masa ido, musamman cikin ruwan sama. Ja su baya kaɗan.

Yadda za ka kai maganar ya fi wayar muhimmanci. Ka sami maigidanka shi kaɗai, in da hali a gida. Ka fara da ba shi haƙuri kan inda ka yi maganar farko. Sannan ka gaya masa zancen mahaifinka, ba son rai ba ne, kuma ya san shi. Ka nuna masa haɗin, ka bar shi ya kai wa Alhaji da bakinsa. Idan Alhaji ya yi gardama, a roƙe shi ya zo bayan magariba ya tsaya inda ka tsaya, a kunna masa. A kuma tuna masa jami'an hanya na iya tare shi a kan irin wannan haske cikin gari.

Ba zan ɓoye maka ba, suna iya ƙi. Idan haka ta faru, ka nemi maigida cikin ladabi ya ɗauke maka wannan wayar kaɗai, kar ka yi fushi, kar ka bar garejin. Yaye na iya jinkiri, zai yi ciwo, amma hannunka na nan kuma ba ka cuci kowa ba.

Abu na ƙarshe, kar ka jira Asabar. Motar Alhaji ba ita kaɗai ce a hanyar Challawa ba. Gobe ka karɓi keken mahaifinka, ka sa masa fitila gaba da ja a baya, ka samo masa riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Wannan aikin ba sai ka nemi izinin kowa ba.

Allah ya daidaita tsakaninka da maigidanka, ya tsare Alhaji a tafiye-tafiyensa, ya sa ranar yayenka mahaifinka ya zo gareji a kan kekensa lafiya lau.

Malam Sagir